Ƙafafu Shida a Naɗe

Babana ya yi shekara talatin da huɗu yana kashe ƙwari, kuma har yau ban ga wanda ya san su kamarsa ba. Aikinsa ke nan, feshi. Otal, gidan burodi, ɗakin ajiyar kaya, duk inda kyankyaso ya gagari mutane shi ake kira. Yakan shiga ɗaki ya tsaya shiru, ya shaƙi iska sau biyu, ya ce, "Kuɗin cizo ne, suna bayan allon gadon nan." A janye gado a same su. In ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, daga amon yake gane ko gara ta shiga. Mai Feshi ake ce masa a unguwa, kuma ko da ya yi ritaya sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki tankin ba. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, a wanke a goge, duk wata uku sai ya goya shi ya zagaye gidansa lungu-lungu kamar wanda aka ɗauko aiki.

Ni ce autarsa. Ina koyar da 'yan nazare, kuma layi biyu ne tsakanin gidana da nasa. Yayana da matarsa da 'yarsu ne suke zaune tare da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Yarinyar shekararta biyar da rabi, rabin nan kuwa kada ka kuskura ka manta da shi a gabanta. Baba ne ya raɗa mata Mai Kwalba, saboda duk kwalbar da aka gama da ita a gidan, ta man shafawa ce ko ta magani, ta zama tata. A ciki take tara maɓallai da tsakuwoyi da duk abin da tsintsiya ta kuskure.

Su biyun nan ba a shiga tsakaninsu. Da safe ita ke zuba masa sukari a shayi, tana ƙirga cokalin da ƙarfi don kada ya yi wa likita ha'inci. Shi kuma ya ce bai taɓa ganin amarya mai rowa irin tasa ba, zai mayar da ita gidan ubanta. Ta ce ai a gidan ubanta take. Kullum maganar ke nan, kullum sai sun yi mata dariya kamar sabuwa.

Abin da ya raba su gyare ne. Ta kama shi a bakin famfo, ta sa a babbar kwalba, ta roƙi uwarta ta huhhuda mata murfin. Ta ɓoye shi a bayan durom ɗin ruwa da ke ƙarƙashin matakala, don ta san sana'ar kakanta. Wata Asabar uwar ta kai ta awon ido, Baba ya ga gida ba kowa, ya ce yau ce ranar. Bai bar ko lungu ɗaya ba, shi da ma ba ya bari. Da ta dawo ta tarar da gyaren a rigingine, ƙafafunsa a naɗe a ƙirji. Ta ɗauko kwalbar da hannu biyu ta kai masa baranda, ta miƙa masa.

Ya leƙa, ya yi dariya. "Gyare ne fa, Mai Kwalba. Gobe in kamo miki goma."

Ina son babana, amma ranar da aka ba ni labarin nan sai da na ji kamar in ɗauki tankin in jefa a kwata. Mutum mai gane gara daga amon katako, ya kasa gane fuskar jikarsa.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta samo kwalin ashana, ta shimfiɗa auduga, ta kwantar da gyaren ta rufe. Daga ranar ta daina yi wa Baba magana. Ba gaisuwa, ba sukari, ko sunan Kaka ta daina kamawa. In dole ta kama, sai ta juyo wurina, shi yana zaune a gefe, ta ce, "Goggo, ki gaya wa babanki ya taka mini takalmi." Da farko duk dariya muka yi. Uwarta ta yi faɗa, ubanta ya yi barazana, ta saurare su da ladabi ta ci gaba da abinta. Aka yi sati, aka yi biyu, dariya ta fara ƙarewa.

Ana haka takardar canjin wurin aiki ta zo wa Yaya. Gari ne mai nisa, wuni guda cur a mota, kuma sati uku aka ba shi. Baba ya sa albarka, ya ce ai ci gaba ne. Washegari da yamma sai ga shi a gidana, ya zauna a kujerar da ya saba kushewa, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Auta," ya ce, "yarinyar nan za ta tafi ba ta yi mini magana ba."

"Za ta huce, Baba. Yara ne."

"Ke kike koyar da su, amma ni na haife ku. Abin da yaro ya tafi da shi a wannan shekarun, shi yake riƙewa. In ta dawo hutu za ta gaishe ni don an ce ta gaishe ni. Ni ba wannan nake so ba."

Ya gwada biskit, ta bai wa 'yar maƙwabta. Ya gwada balan-balan, ta bar shi a falo har ya sace. Ya kamo mata wani gyaren kamar yadda ya yi alkawari, ta buɗe taga ta sake shi, ta ce in gaya wa babana ba ta son na aro.

A kan teburina ya ga jakar 'yan tsanar katako. Makarantarmu ce take sayo su wurin wani kafinta, tsayinsu bai fi ɗan yatsa ba, kai kamar ƙwallo, jiki sumul, ba hannu ba ƙafa ba fuska. Yara ne ke shafa musu fenti, wannan ya zama likita, wancan ɗan sanda. Baba ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa don dai hannunsa ya sami abin yi. Can ya kwantar da ita a tafin hannunsa, sai na ga ya gyara zama.

"Ga kai," ya ce. "In aka yi mata tsaga a nan, ga ƙirji, ga ciki. Ai wannan ƙwaro ne aka tsayar da shi tsaye."

Ya zuba guda goma a aljihu bai tambaye ni ba, ni ma na kau da kai.

Kwana tara ya yi a kansu, kuma ni da na ga aikin nan da idona ba zan gaji da ba da labarinsa ba. Ya kafa ɗan tebur a ɗakinsa kusa da taga, ya rufe ƙofa don kada Mai Kwalba ta gani. Da ƙaramar wuƙa ya zagaye kowace 'yar tsana da tsaga, ta tururuwa ya zurfafa har ƙugun ya zama siriri, ta buzuzu ya bar ta da ƙibarta. Sannan ya ɗora ƙusa a wuta ya yi huda shida, duka shidan a ƙirji. A nan ne ya huce haushinsa a kan hoton da ke manne a bangon ajina, inda aka zana ƙudan zuma da ƙafa huɗu suna fitowa daga ciki, har da murmushi.

"Kuna koya wa 'ya'yan mutane ƙarya tun suna ƙanana," ya ce. "Ƙwaro ba ya da ƙafa a ciki. Wanda ya zana wannan bai taɓa share ɗaki ba."

Ƙafafun daga tsohuwar fanka ya samo su. Ya farke ta ya warware jar wayar da ke ciki, ya murɗa biyu-biyu don su yi ƙwari, kowane baki ya goge shi da samfefa ya tsoma a gam har ya yi ɗan kai, don kada ya karci yaro. Fukafukan ƙudan zuma daga robar ruwa ya yanko, ya zauna da allura yana zana musu jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, gilashin masu gyaran agogo maƙale a idonsa. Na fara kuwa tsohon gidan sauro ne ya shafa wa gam ya shanya har ya yi tauri. Gashin bakinsu ya tsinko daga buroshin goge takalmi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fenti. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin guba ya ƙi yarda da fentin da ke gidan, sai da na kawo masa na makaranta, shi ma sai da ya karanta bayan robar kaf ya tambaye ni sau biyu ko yaro zai iya lasa.

Ya tambaye ni ko ya yi kyankyaso, wai shi ya fi sani a cikinsu duka. Na ce Baba, don girman Allah, sulhu muke nema.

Biyu sun tsage a hannunsa, takwas suka fita: tururuwa, fara, ƙudan zuma, buzuzu, zanzaro, ƙoƙi-ƙoƙi, malam-buɗe-littafi, sai gyare, wanda shi kaɗai ya ci kwana biyu. Baƙi ne mai sheƙi, da ɗan ja-ja a gefen fiffike, har ƙayoyin ƙafar baya ya yi masa. Da ya nuna mini su a kwalin takalmi, kwance a kan auduga, sai da tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin abin wasa mai kama da gaskiya haka ba. Akwai dai wani abu da ya ɗan tsaya mini a rai, na rasa ko mene ne, na ce wa kaina hassada ce ta malamar da ba ta iya zana ko kaza ba.

Ranar Lahadi da rana ya ajiye kwalin a teburin falo, ya koma kujerarsa ya buɗe jarida. Ni ina gefe ina yi kamar ina duba waya. Mai Kwalba ta shigo, ta wuce kwalin, ta dawo, ta sake wucewa. A karo na uku ta ɗaga murfin. Na ga idanunta sun buɗe, bakinta ma haka, na ga Baba yana leƙenta ta saman jarida. Ta ɗauko ƙudan zuma ta ɗaga shi wajen haske. Ta ajiye shi a tebur don ya tsaya, sai ya mirgina ya kwanta a bayansa. Ta ɗauko fara, ita ma ta mirgina. Ta fito da su duka ta jera, ta daɗe tana kallonsu, hasken fuskarta yana tafiya.

"Goggo," ta ce a hankali, "ki gaya wa babanki su ma duk sun mutu."

A lokacin na ga abin da ya tsaya mini a rai. Duka takwas ɗin ƙafafunsu a naɗe suke a ƙirji, gashin baki a kwance, daidai yadda ake share su da safe bayan an yi feshi.

Baba ya sauke jarida. "Ai haka ƙafarsu take," ya ce, muryarsa ba ƙarfi.

"Goggo, ki gaya masa haka take in an fesa musu."

Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta ciro hankicinta ta lulluɓe su, ta rungumi kwalin ta fita. Ta dai tafi da shi, wannan kaɗai na samu na riƙe.

Na same shi a baranda yana kallon hannuwansa. Na zauna kusa da shi.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce. "Mai rai ban taɓa kallonsa fiye da yadda zan saita bakin famfon feshi ba. Wanda nake ɗauka in juya in duba, in ƙirga masa gaɓoɓi, wanda ya riga ya faɗi ne. Ni a zatona na san su."

"Waya ce fa, Baba. Ka karɓo ka miƙe musu ƙafafun, shi ke nan."

Ya kalle ni irin kallon da yake yi wa sabon yaron aiki. "In miƙe su yaya? Ina gwiwa take kallo? Wace ƙafa ce take gaba in suna tafiya? Kina so in sake kai mata wata ƙaryar?"

Ya ce sai ya ga mai rai. Ya ɗauki tocila ya duba bayan durom, ƙarƙashin kabad, gindin katanga, bai sami ko kiyashi ɗaya ba. Aikinsa ya yi kyau har ya cuce shi. Saura kwana goma su tafi, ga shi a gidan da ya fi kowane gida tsabta a unguwar, ba abin da zai kalla.

Gidana kuwa, shekara shida yana zaginsa. Tukwanen furannina wai otal ne na sauro, kicin ɗina wai tashar tururuwa. Sau nawa yana cewa zai fesa mini kyauta ina cewa na gode. Litinin da na dawo daga makaranta na tarar da shi a tsakar gidana, kwance rub da ciki a kan tabarma kusa da tukwanen, ya marmasa biskit a ƙasa, ga littafi da fensir. Maƙwabciyata ta ce ta leƙo ta katanga ta ɗauka faɗuwa ya yi, har ta fara salati, ya ɗaga mata hannu wai ta yi shiru kada ta kore su.

Kullum sai ya zo. Tururuwa ta fi idonsa sauri, sai ya shafa musu ɗan ruwan sukari a hanya don su rage gudu. Ya bi wata fara daga tukunya zuwa tukunya da rarrafe, tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ranar Laraba ya kira ni daga kicin da murya irin ta wanda ya tsinci abu.

"Auta, zo ki gani. Uku a ƙasa, uku a sama. Biyu ta nan, ɗaya ta can, sai su sauya. Shi ya sa ba sa faɗuwa." Ya girgiza kai. "Dubu nawa na kashe ban san haka suke tafiya ba."

Na yi masa dariya, amma na koma kicin idona da ƙwalla. Mutane da yawa in sun tsufa sukan gwammace su mutu da kuskurensu da a ce ba su sani ba. Nawa uban ga shi kwance a ƙasa yana ɗaukar darasi wurin tururuwa.

Matsalar ita ce ƙwarin katakon suna hannun Mai Kwalba, kuma ba mai iya karɓo su. A makarantarmu take, kuma tun da aka fara haɗa kaya a gidansu ni nake tahowa da ita wurina har yamma. Takan shigo ta ga kakanta a ƙasa, ta ɗauke kai, ta zauna a bakin ƙofar falo da kwalinta. Asibiti ta buɗe. Murfin kwalin ne ɗakin kwanciya, ta yayyaga hankicin ta yi musu barguna, marafen kwalba su ne kwanukan magani. Ita ce nas, tana zagayawa tana taɓa goshinsu, tana yi wa buzuzu faɗa wai ya ƙi shan magani. Taku biyar ne tsakaninsu, kowa da ƙwarinsa, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. Haka aka cinye satin.

Saura kwana biyu su tafi, Baba ya zo da guntun waya da filaya yana gwada ƙafar fara ta baya. Ya lanƙwasa, ya duba littafinsa, ya warware, ya sake lanƙwasawa ta inda ba nan ba. Ina wanke kwanuka ina ganin Mai Kwalba tana mutsu-mutsu a wurin zamanta. Ita fa ba ta iya ganin ana ɓata abu ta yi shiru, a nan kam ba a tambayar wa ta gado.

"Goggo, ki gaya wa babanki gwiwar fara sama take yi, ta fi bayanta tsawo."

"Ni na gaji da aike," na ce. "Sati biyar ina kai saƙo, ko na gode ba a ce mini. Ku nemi wani."

Na shige ɗaki na tsaya bayan labule. Mai Kwalba ta miƙe ta tsaya, ta sosa ƙafa da ƙafa, ta kalli ƙofar da na shiga. Sannan ta juya wurin babbar tukunyar furen da ke tsakaninsu.

"Tukunya, ki gaya wa baban Goggo gwiwar sama take yi."

Baba bai yi ko murmushi ba. Ya juya wurin tukunyar shi ma, da ladabinsa. "Tukunya, ki tambayar mini ita, haka?"

"Tukunya, ki ce ya ƙara."

Ya ƙara. Ta matso taku ɗaya don ta gani da kyau. Can ta koma ta jawo kwalin, ta tura shi gabansa da ƙafa, ta sanar da tukunya cewa an kawo sabon likita, kuma tururuwa ce ta farko a layi.

Ya ɗauke ta kamar ƙwai. Ya sa bakin filaya ya buɗe ƙafar gaba, ya buɗe ta tsakiya, ta baya ya ja ta baya, yana duba littafinsa, tana gyara masa ta bakin tukunya. Ya ɗaga gashin bakin ya karkata su gaba. Da ya ajiye ta a siminti ya janye hannunsa, tururuwar ta tsaya cak a kan ƙafafunta, ƙugu a sama, kamar yanzu za ta ruga wurin biskit. Mai Kwalba ta ja numfashi. Ta cire mata bargo ta ce an sallame ta, kada ta sake wasa a rana.

Ɗaya bayan ɗaya aka sallame su, kuma kafin a gama tsakar gidana ta zama gari. Ƙudan zuma ya zama direban bas, takalmina ne bas ɗin. Ƙoƙi-ƙoƙi da hannuwanta biyu a ɗage ta zama shugabar makaranta, kuma in faɗi gaskiya ta yi kama da tamu. Buzuzu aka ba shi maɓalli yana turawa kasuwa. Fara ta yi tsalle ta haye kan hular Baba, ya sanar da tukunya cewa ba a biya shi kuɗin haya ba, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya sannan ta tuna ta gimtse. Gyaren katako ne na ƙarshe. Da ya tsaya, baƙi mai sheƙi, ƙafafun baya a shirye, ba ta ba shi aiki ba. Ta dai zuba masa ido.

Sai ta je ta buɗe jakar makarantarta, ta zaro kwalin ashanar nan. Ashe kullum yana tare da ita. Ta durƙusa ta buɗe a gabansa. Gyaren ya bushe ya ƙanƙance a kan audugar, ƙafafunsa a naɗe. Ba ta kalli tukunya ba. Ta ɗago ta kalli kakanta cikin ido, karo na farko a sati biyar.

"Saura wannan."

Na riƙe labulen gam. Na san abin da ni zan yi. Zan ce a bar shi ya kwana a asibiti, gobe in sa wani a kwalin. Irin wannan ƙaryar sau goma nake yinta a rana a wurin aiki, kuma ina kwana lafiya. Na ga filayar a hannunsa, na ga ya kalli gyaren ya kalli yarinyar, na ce a raina Baba ka yi ƙaryar mana, kwana biyu ya rage.

Ya ajiye filayar a ƙasa.

"Wannan ba zan iya ba," ya ce. "In na taɓa ƙafarsa karyewa za ta yi. Ya mutu, kuma ni na kashe shi. Da kika kawo mini kuma na yi dariya. Ban kyauta miki ba, shi ma ban kyauta masa ba."

Ta kalli gyaren.

"Yana son kokwamba," ta ce.

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba. Ki gaya mini yanzu, ina ji."

Ta buɗe baki za ta fara, sai kukan da ta riƙe tun ranar Asabar ɗin nan ya ƙwace mata. Ta faɗa jikinsa ta cusa fuska a rigarsa mai ƙasa, tana cewa Kaka, Kaka, yana da ƙafa ɗaya gajera, Kaka, in na taɓa kwalbar yana yin shiru. Shi kuwa yana bubbuga bayanta da hannun nan mai kaushi yana cewa to, to, sai kuma me. Ni ma a bayan labule na yi nawa, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar tafiya ta zuba masa sukari cokali biyu, ta ƙirga da ƙarfi. Ta tafi da bakwai a kwalin takalmi. Gyaren katakon ta kai shi bayan durom da hannunta, ta ce Kaka ya riƙe mata shi, kuma ya san sauran.

Wata huɗu ke nan yanzu. Shekaranjiya na kai masa guga, na nufi kicin zan ɗora masa ruwan shayi, sai na ji muryarsa daga falo.

"Auta, tura ƙofar nan a hankali."

Na tura a hankali na leƙa bayanta. Tankin yana nan a ƙusarsa, ƙura ta hau shi. A jikin bakin famfon zanzaro ya yi gininsa na laka, yana ta shiga da fita ta saman taga. Baba ya biyo ni da waya a kunne, gilashin masu gyaran agogo a ɗaya hannun.

"Mai Kwalba ce," ya ce da ni. "Na ce mata ɗaki huɗu ya gina, ta ce in sake ƙirgawa."